Yatsan Genza da Mutum Sha Bakwai

A duk tsibirin Kazahe, kai har da tsibiran da ke kewaye da shi, ba a taɓa yin masunci kamar Genza ba, kuma duk wanda ya ce an yi to bai zauna da mu ba. Sau uku teku ta kifar da jirginsa, sau uku ya fito da ƙafarsa. Na farko yana ɗan shekara sha tara, ya kwana biyu rungume da wata ganga. Na ƙarshe yana da sittin da ɗoriya, ya iso gaɓa da hularsa a ka, ya nemi shinkafa kafin ya nemi bargo. Bai taɓa zama a aji ba, sunansa ma da ƙyar yake zanawa, amma ko an rufe masa ido an juya shi sau goma a tsakiyar hazo, zai miƙa hannu ya nuna maka ƙofar gidansa.

Kurma aka haife shi, kamar wansa Rikio, kamar kakarsu. A Kazahe wannan ba abin labari ba ne. Kowa da hannu yake magana, mai ji da kurma, don injin jirgi ba ya barin a ji murya, hannu kuwa yana kaiwa inda ihu ba ya kaiwa. Kowa yana da sunansa na hannu. Na Genza shi ne ka dunƙule hannu ka buga ƙirji sau biyu, kuma shi ya raɗa wa kansa.

Ƙa'ida guda muke da ita: ba a ambaton mutum sai an nuna inda yake. In ka yi sunansa, sai ka bi shi da yatsa zuwa gidansa, ko lambunsa in yana lambu, ko kan tudu in an binne shi. Tsofaffi suka ce mamaci yana bin yatsa. In ka nuna shi inda ba ya nan, zai tashi ya tafi can neman kansa, ya ɓata, ba kuwa zai sake samun hanya ba.

Mutum goma sha bakwai ne teku ta riƙe mana ba ta mayar ba, tun zamanin kakanni. Ba su da kabari. Duk shekara a lokacin Obon, sa'ad da ake karɓar matattu a gida, jirgi yakan fita da wani dattijo, a bi su ɗaya bayan ɗaya, a tsaya a kan kowa, a yi sunansa, a nuna shi, a zuba masa giyar shinkafa. Ba a rubuce wuraren suke ba. Tudu ake daidaitawa da tudu, dutse da bishiya, har a ga sun hau layi. Dattawan da suka san wannan duk sun ƙare, saura Genza, shi kuma ya kai tamanin da huɗu. Shekara uku ke nan jirgin bai fita ba, don an sayar da nasa, samari kuma sun watse birni. Yatsunsa sun fara ƙagewa. Da safe sai ya tsoma su a ruwan zafi kafin su yarda su gaida maƙwabta.

'Yarsa Fumie ce ta zo da maganar. Ita tana ji, ta haura hamsin, tana aiki a ɗakin girki na wata jami'a a babban birni. Ta ce a jami'ar akwai sashe guda da ba abin da suke karantawa sai maganar hannu da rayuwar kurame da yadda ake koyar da 'ya'yansu. Shugabar sashen, Malama Shinohara, kurma ce. Wata rana tukunya ta suɓuce wa Fumie, ta yi zagi da hannu irin na Kazahe, Malamar na tsaye da tire ta gani, ta ce ba ta taɓa ganin wannan hannun ba. Tun daga ranar take koyo wajenta.

"Tana son ganinka, Baba. Suna da kyamara. Duk abin da hannu ya faɗa tana riƙewa."

"Har bayan mai hannun ya tafi?"

"Har jikokin jikoki."

Ya san Fumie ta gyara masa ɗaki a gidanta, ya san ba ta yi niyyar maido shi ba. Ya dubi yatsunsa, ya ce a haɗa kaya.

Suka shiga jirgin fito, suka hau jirgin ƙasa mai gudu kamar an jefa shi. Har nan Genza yana riƙe da tsibirinsa a bayan kafaɗar hagu, yana jin sa kamar yadda ake jin rana a wuya. Sai suka gangara ƙarƙashin ƙasa suka hau wani jirgin da ke tafiya cikin rami, ya karkata nan ya karkata can. Suka fito ta wata matakala mai tafiya da kanta, suka bi lungu, suka shiga lif. A can ƙarƙashin ƙasa tsibirin ya suɓuce masa daga kafaɗa. Ya ɗauka in ya zauna abin zai dawo.

Sashen ya ba shi mamaki, ko da yake bai nuna ba. A bango fitila ce ke walƙiya a madadin ƙararrawa. Ƙofofi duk na gilashi ne, don a ga mai zuwa. Ɗalibai sun cika baranda, hannaye na tashi kamar garken tsuntsayen da aka kora daga kan taru, wasu kurame, wasu masu ji da suka zo koyo. Da ƙyar yake tsintar kalma ɗaya cikin biyar, don nasu hannun makaranta ne, ƙanana, a tsuke, kusa da ƙirji.

"Waɗannan in suna jirgi biyu, yunwa za ta kashe su kafin su fahimci juna," ya ce wa Fumie. "Wai takardar shaida ake ba su a kan wannan? To ni nawa za a ba ni?"

Malama Shinohara ta fito, gajeriya mai furfura a gaban kai. Ta rusuna sosai, ta gaishe shi da hannun Kazahe.

"Baba, sannu da hanya. Mun gode da ka zo."

Genza ya ƙyalƙyale da dariya har ya riƙe ciki. "Malama, wa ya koya miki? Kina magana kamar mai juya miya! Hannun 'yata ne wannan, har da lalacinta."

"To ai ga mai shi ya zo, sai ka gyara ni," ta ce tana dariya. "Ni a makarantar da na yi, a kan hannayenmu ake sa mu zauna, mu yi ta kallon leɓen malami. Sai da na girma na ƙwato su."

"Shi ya sa ban je ba," in ji shi. "Na san abin da nake yi."

Aka kai shi ɗakin ɗaukar hoto. Ba taga ko ɗaya. An rataye shuɗin ƙyalle a bango, fitilu uku manya suna kallon kujera guda. Aka ba shi baƙar riga don hannu ya fito sosai. Ɗalibai wajen ashirin suka zauna a rabin da'ira, Malama ta tsaya bayan kyamara, jar fitila ta kama.

Ya fara da kansa, kamar yadda ya saba. Ya buga ƙirji sau biyu. Ya ba su labarin gangar, ya nuna musu tsayin igiyar ruwa, ya nuna yadda kifi ya zo ya shinshine shi ya ga ba irin naman da ake taɓawa ba ne. Ko waɗanda ba su gane hannunsa ba sun gane, suka ɗaga tafuka suna kaɗawa a sama, tafin kurame ke nan. Ransa ya yi fari. Ya gyara zama ya ce yanzu ga abin da ya kawo shi.

Ya fara da wansa. Ya ja babban yatsa a kan girar dama, inda ƙugiya ta taɓa tsaga Rikio, sunansa na hannu ke nan. Ya ɗaga yatsan nuni.

Yatsan ya tsaya a sama.

Ya juya shi dama kaɗan, ya dawo da shi. Ya nemi tsibirin a bayan kafaɗarsa, babu. Ya nemi teku a ƙasan cikinsa, inda take kwana tun yana yaro, babu. Ɗakin ya zama kamar akwati da aka saki a ruwa marar gaɓa, yana juyawa a hankali, shuɗin ƙyallen nan ya yi zurfi, ya yi ta zurfi. A cikinsa ya ga su, su sha bakwai, a tsaye a ƙasan ruwa da rigunan aikinsu, gashinsu na lilo, sun ɗaga kai suna kallon yatsansa kamar yadda kifi ke kallon fitila. Rikio na gaba, har ya ɗaga ƙafa ɗaya, yana jira a nuna masa inda zai bi.

Genza ya sauke hannun, ya danne shi da ɗayan a kan cinya.

Fumie ta matso gefen kyamara. "Baba, ci gaba mana."

"Ina teku?"

"Wace teku kuma? Nuna ko'ina, ba wanda zai sani."

"Shi zai sani."

Malama Shinohara ta shigo gaban fitila, ta durƙusa don su haɗa ido. "Baba, mu a nan ga yadda muke yi. Sai ka ajiye mutum a damanka, a cikin iska, ka ce nan yake. Duk lokacin da ka nuna wurin, an san shi kake nufi. Ba sai ka san gabas da yamma ba."

Ya daɗe yana kallonta. "Ki ajiye mutum a iska? Yayana? Malama, ke da karatunki? In na ajiye shi a kusurwar ɗakin nan, gobe ku kashe fitila ku kulle ƙofa, wa zai mayar da shi?"

Ta miƙe a hankali. Ɗalibai suka sunkuyar da kai. Aka kashe jar fitilar, aka ce a je a ci abinci.

A ɗakin cin abinci Fumie ta ajiye masa shinkafa da gasasshen kifi da miya, ta zauna gabansa, hannayenta a ƙasa-ƙasa don kada a gani.

"Ka ba ni kunya gaban mutanen da nake dafa wa abinci."

"Ke kika kawo ni cikin rami."

"Baba, ka manta ne, ka faɗi gaskiya. Ba laifi ba ne, shekaru ne. Likita ma ya ce za a fara ganin haka."

"Na manta? Ni?" Ya ajiye tsinken cin abinci. "In lissafa miki su? Da jiragensu, da ranar da suka tafi, da abin da kowa ya ci da safe? Ban manta kowa ba, 'yar nan. Inda nake ne ban sani ba."

Faɗin haka ya fi masa kifewar jirgi ciwo. Ya ture kifin, ya ce wannan ya kwana uku da mutuwa, kunya ma ba su ji.

Malama Shinohara ta zo ta tsaya a gefen teburin da kyamara a hannu. Ta ce ta yi wata takwas tana koyo wajen Fumie, ta cika littafi biyu, amma ba ta taɓa lura yatsan yana da inda yake zuwa ba.

Fumie ta kau da kai. "Na daina tun da na zo birni. Wa zai tsaya neman kudu kafin ya ambaci mutum?"

Malama ta fito da waya, ta nuna masa allurar kamfas mai nuna arewa a fuskar wayar. Ya ture da bayan hannu.

"Abin da ban ga ya jiƙe ba, ban yarda da shi ba. Ki kai ni inda zan ga sama."

Suka hau saman benen, hawa goma sha biyu. Rana ta ɗan karkata, iska na kaɗawa. Birnin ya bazu har inda ido ya ƙare, fari-fari, yana rawa cikin zafi kamar abin da ake gani a mafarki. Genza ya tafi bakin shingen ƙarfe ya riƙe. Ya dubi inuwarsa. Ya lasa yatsa ya ɗaga. Can ƙasa akwai kogi tsakanin gine-gine, ya zuba masa ido har ya ga wani ɓawon katako yana haurawa kogin maimakon ya gangara.

"Teku na cikowa, tana turo ruwa cikin kogi," ya ce. "Kogin nan bakinsa na can. To teku na can." Ya juya a hankali, ƙafa bayan ƙafa, kamar mai taka jirgin da ba nasa ba. Sai ya ji abin ya dawo ya zauna masa, daram, a tsakiyar goshi. Ya miƙa hannu tsakanin wani dogon bene da wata hasumiya ja. "Kazahe."

Malama ta duba wayarta a ɓoye, ta ɗago da ido a buɗe.

"Duba da kyau," in ji Genza. "In ta saɓa da ni, ki mayar wa mai ita."

Ta kafa kyamara. Ya tsaya da ƙafafu a buɗe, iska na kaɗa baƙar rigar. Ya ja yatsa a kan gira, ya nuna: Rikio, tsakanin benen da hasumiyar. Ya numfasa. Ya yi sunan na biyu, wani da ake kira da alamar karyayyen haƙori, wanda ya nutse a arewa da tsibiri, tafiyar awa guda daga inda Rikio yake. Ya ɗaga yatsa, yatsan ya tafi tsakanin benen da hasumiyar. Ya yi na uku. Nan dai. Ya tsaya. Ya gwada gidansa. Nan. Ya gwada uwarsa da ke kan tudu, da matarsa da ke kusa da ita. Yatsan bai motsa ko da faɗin gashi ba. Daga wannan nisan, duk Kazahe ɗigo ɗaya ne.

A gida, in ya ambaci uwarsa da Rikio a magana ɗaya, sai hannunsa ya tsallaka sama gaba ɗaya, daga tudu zuwa bakin duniya. Shekara sittin da biyar yana wannan tsallaken. Yau ga su a kan ɗan yatsa guda, ita da ɗanta, da sauran sha shida, da tashar jirage, da kuliyar maƙwabta, duk sun taru a ɗaki ɗaya kamar daren sabuwar shekara. Ya ga uwar tana zuba wa Rikio shayi, rigarsa na ɗigar ruwa a kan tabarma, ba ta ko yi masa faɗa ba. Ya bar yatsan a wurin har kafaɗarsa ta gaji. Fumie ba ta taɓa ganin ubanta da jiƙaƙƙen ido ba in ba iska ce ta sa ba, don haka ta ce a ranta iska ce.

Da ya sauke hannu sai ya ce, "Kashe abin nan, Malama. Wurin yana da daɗi, amma aikin banza muke yi. Wanda ya kalli wannan zai ce rami ɗaya suka faɗa su duka. Daga nan ba za a iya ba."

"To daga ina?"

"Ke da kanki kin sani. Kina amai a jirgi?"

"Ban taɓa shiga ƙarami ba."

"Za ki yi ke nan. Ki zo da bokiti."

Fumie ta shiga tsakaninsu. "Baba, ba za ka koma ba. Mun gama wannan maganar. Kuma wa zai tuƙa ka? Ba ka da jirgi, hannunka ba ya riƙe sitiyari."

"Jirgi a ara. Tuƙi kuwa, 'yar wa ce ke?"

"Shekara talatin rabona da shi!"

"Teku ba ta canja wuri ba. Kwana uku, Fumie. Ki ba ni kwana uku, sannan ki kai ni ɗakin nan naki ki rufe, in yi ta kallon bango ina ƙiba."

Ta dubi Malama don ta taya ta, ta tarar Malama ta riga ta buɗe littafinta tana soke darussan ranar Juma'a.

Ranar Asabar da sassafe suka fita daga tashar Kazahe a jirgin aro, su uku. Teku ta kwanta lumui, hazo siriri a kanta, tsibirai na shawagi kamar ba su taɓa ruwa ba. Genza ya tsoma hannayensa a ruwan zafin da aka zo da shi a gora, ya zauna a gaba da kwalbar giyar shinkafa tsakanin ƙafafunsa. Fumie na sitiyari, fuska a ɗaure. Malama ta ɗaure kyamara a jikin sanda, ta ɗaure kanta a jikin bokiti.

A nan ne ta ga abin da ake kira hannun Kazahe. Ba a tsuke yake ba, daga kafaɗa yake tashi. Genza ya nuna kan tudun haikali, ya nuna tsagar wani dutse, ya jawo su da hannu biyu har suka haɗu, ya ɗaga tafi, Fumie ta kashe inji. Ya yi suna, ya nuna ƙasa, ya ba da labarin mutumin a taƙaice, wane ne ubansa, me ya fita nema, wace iska ce. Ya zuba giya. Suka wuce. Wani wurin yakan yi wa mamacin tsiya. "Wannan rowa ta kashe shi, ya ƙi yanke taru." Wani wurin ba ya cewa komai sai sunan.

Malama ta yi amai a na huɗu da na bakwai, ta goge baki ta koma bayan kyamara.

"Kina ƙoƙari," ya ce mata. "Da kin zo da wuri da na yi miki miji a nan."

Rana ta take tsaka suka gama sha shida. Saura Rikio, shi ne mafi nisa, can inda tsibirai ke ƙarewa ruwa ya canja launi. Alamarsa ita ce dogon bututun hayaƙi na tsohuwar masana'antar gishiri da ke wani tsibiri, a daidaita shi da ƙahon dutsen da ke bayansa. Genza ya miƙe tsaye ya sa hannu a goshi. Ga ƙahon dutsen. Bututun babu. Inda yake a dā, sai sarari da wasu fararen gidaje sababbi.

Ya ce a yi gaba. Ya ce a dawo. Ya ce a zagaya. Ruwan duk iri ɗaya ne, yana sheƙi, ba ya faɗin komai. Kyamara na kallonsa. Ya ji sanyin nan na ɗaki marar taga yana hawowa daga ƙafafunsa, ya zauna a kan akwatin kifi, hannayensa a kan gwiwa kamar na wani.

Sai ya ji injin ya canja rawa a ƙarƙashinsa. Ya waiga. Fumie ta bar kallonsa, ta durƙusa a gindin sitiyari har kanta ya yi daidai da gefen jirgi, tana tuƙi da hannu ɗaya a sama, idonta a kan wani abu can yamma. Ta yi ta tafiya a hankali, ta karkata kaɗan, ta ƙara karkatawa, ta kashe inji.

"Nan ne," ta ce.

"Ke da wa? Bututun ya tafi."

"Ni ban taɓa ganin bututunku ba, Baba. A ƙasan jirgi kuke zaunar da ni da kwalba, gefen jirgi ya tare min. Abin da nake gani shi ne tsibiran can biyu. In suka matso har hasken da ke tsakaninsu ya rufe, na san za ka miƙo hannu in ba ka giyar Baffa Rikio. Shekara goma sha ɗaya ina yi. Ga shi ya rufe."

Genza ya leƙa ruwan. Ya daɗe. A gefen jirgi akwai wani ɗan murɗi da ruwa ke yi, yana juyawa hagu, yana ɓacewa, yana dawowa, inda igiyar ƙasa ke karo da dutsen da ba a gani. Ya san shi kamar yadda ya san tafin hannunsa.

Ya miƙe, ya gyara rigarsa, ya fuskanci kyamara. Ya ja babban yatsa a kan girar dama, ya nuna ƙasa, kai tsaye, tsakanin ƙafafunsa. Ya miƙa hannu baya ba tare da ya waiga ba, kwalbar ta zo cikinsa. Ya zuba sauran duka.

Sannan ya juya ga Malama Shinohara, wadda ta yi fari fat tana riƙe da sanda.

"Juya abin nan wajenta. Ta faɗi nata alamun, tun daga na farko, duk abin da ta gani daga ƙasan jirgi. A ajiye biyu, nawa da nata."

"Ban san su duka ba, Baba," in ji Fumie. "Wataƙila goma."

"Gobe ki san sauran. Kwana uku kika ba ni, yau ɗaya." Ya koma ya zauna a kan akwatin kifi, ya miƙe ƙafafu. "Ki rubuta a littafinki, Malama, ni na koya mata. Ban ma san ina koya mata ba, amma dubi yadda ta iya."

Fumie ta goge hannayenta a jikin wando, ta tsaya inda ya tsaya. Jirgin na lilo a hankali. Ta ɗaga hannu, da farko a tsuke kusa da ƙirji, sai ta sake shi daga kafaɗa, ta nemo tudun haikali can baya cikin hazo, ta fara da na farko.